Gawa ta tafi kushewa, takarda ce ke zuwa kotu

'Yan uwa matasa, a ƙasarmu in mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an yi masa sutura. Addini ya koya mana haka, kuma ba ni da ja. Amma in ana zargin kisa ne, duk abin da ba a rubuta ba kafin a rufe kabari ya tafi ke nan. Alƙali ba zai ga gawa ba. Abin da zai gani shi ne PV ɗin jandarmomi ko na 'yan sanda, da takardar likita. Da waɗannan takardu ake ɗaure mutum, da su ake sakin shi.

Shi ya sa nake cewa rubutun awannin farko ya fi dogon jawabin lauya a kotu nauyi. Rahoto na kirki yana faɗin ƙarfe nawa aka ga gawar, wa ya fara ganinta, yadda take kwance, inda raunin yake da girmansa, ko jiki ya riga ya sandare, don wannan yana taimaka wa likita ya kimanta lokacin mutuwa. Kuma ya raba abin da shaida ya gani da idonsa da abin da ya ji a fada. "An ce" ba hujja ba ce.

To, wa ke duba wannan rubutu a madadin wanda ake tuhuma? PV da Faransanci ake rubuta shi. Manomi daga karkarar Dakoro ko Magariya ya yi bayani da Hausa, wani ya juya, shi kuma ya dangwala yatsa kan abin da bai iya karantawa ba. Kalma ɗaya tak ta isa: "na ture shi" da "na buge shi" ba hukuncinsu ɗaya ba. Kar mu manta, hukuncin kisa yana nan a dokar Nijar, ko da yake rabon da a zartar da shi tun 1976.

Doka ba ta bar mu haka nan ba. Dokar UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Tun 2011 aka kafa ANAJJ don taimaka wa marasa hali a gaban shari'a. Alƙali mai bincike kuma aikinsa ne ya nemo abin da ke wanke mutum kamar yadda yake neman abin da ke kama shi. Matsalar ita ce yawancin lauyoyi a Yamai suke, talaka kuwa bai san haƙƙinsa ba.

Wani zai ce muna kare masu kisa. Ina! In aka kai marar laifi gidan kaso saboda rahoton gaggawa, mai laifin yana nan yana yawo cikin gari, dangin mamaci ma an cuce su.

Don haka in abin ya faɗo a unguwarku, ku yi haƙuri likita ya duba gawa, a ɗauki hoto kafin wanka. Ku rubuta sunayen shaidu da lokaci tun ranar, ku miƙa wa lauya. Kuma kada ɗan uwanku ya sa hannu sai an karanta masa takardar cikin harshen da yake ji.

Ku tura wa na gida. Allah ya kare mu da zalunci.