Kwamfuta Ba Ta Ce A Sayi Sansa Ba

Wannan makon gareji zan kai ku, domin akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya fitilar nan mai hoton inji ta kunna a motar Yayana. Muka je wajen wani mai rewaya, ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙasan sitiyari, ta nuna P0135. Ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Alhaji, sansar salansa ce, a sayo sabuwa." Aka sayo, aka ɗaura, ya goge lambar. Kwana biyu fitila ta dawo.

Ni dai ra'ayina, wannan ba gyara ba ne, canki-canka ce da kuɗin mutane.

Tsarin nan sunansa OBD-II, tun 1996 aka wajabta shi a motocin Amurka, shi ya sa kusan duk 'yar Kwatano tana da soket ɗin mai rami 16. Harafin farko na lambar yana nuna ɓangaren da ke kuka: P inji da giya, B jikin mota, C su birki da sitiyari, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. To amma P0135 ba ta ce sansa ta mutu ba. Abin da ta ce shi ne, layin wutar da ke ɗumama sansar iskar oksijin ta farko yana da matsala. Layi kuwa ya haɗa da fiyus, da waya, da soket, sannan ita sansar. Wanne daga ciki? Kwamfuta ba ta sani ba, mita ce za ta faɗa.

Da muka koma wajen wani dattijo, batir ya fara aunawa. Lafiyayyen batir yakan ba da wajen bolt 12.6 idan mota na kashe, ya haura zuwa wajen 14 idan inji na aiki, kuma raunin batir kaɗai kan sa mota ta yi ta zubo lambobin ƙarya. Daga nan ya duba fiyus, ya bi waya da hannu. Ashe ɓera ne ya gwaguye ta a bayan inji. Tsohuwar sansar da muka jefar, lafiyarta ƙalau.

Masu mota ma muna da namu laifin. Wani cewa yake a goge masa fitilar kawai, wani har ya liƙe ta da baƙin salatif. Alhali idan tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, inji ne ke tsallake wuta, kuma ɗanyen man da ke wucewa salansa zai iya ƙona matatar hayaƙi, wadda kuɗinta ya ninka na fulogi sau da yawa.

Yanzu Yaya ba ya yarda a goge lamba sai ya ɗauki hotonta a waya, kuma kafin ya zaro kuɗin kaya sai ya tambaya, "Malam, ka auna wayar?"