Tsohuwar Kwamfutarka Ba Ta 'Yan Jari-Bola Ba Ce

A bara aka sace wa kawuna waya a cikin cunkoson kasuwa. Kuɗin wayar bai dame shi ba. Abin da ya hana shi barci shi ne hotunan takardar filinsa, da rasit-rasit na kayan da ya fitar daga tashar jirgin ruwa ta Lome, da sunayen mutanen da yake bi bashi. Na ce masa, "Kawu, ai akwai su a imel ɗinka." Ya ce, "Yaron da ya buɗe mini a shagon waya shi ya san lambar sirrin." Yaron kuwa ya bar gari tuni. A wannan makon ne na tarar an fito da wata tsohuwar kwamfutar cinya daga ƙarƙashin gado za a ba 'yan jari-bola, wai ta tsufa. Na karɓe ta, kuma a kanta nake son mu yi gardama.

Masu cewa ta tsufa suna da hujja guda. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ya hawa yawancin kwamfutocin gwanjo da ake sayarwa a Dekon. To amma wa ya ce sai da Windows kwamfuta ke aiki? Na goge tawa, na saka mata Debian, wanda kyauta ne. Na ƙara Samba don kowa a gida ya ga fayiloli ta Wi-Fi, da Syncthing wanda ke kwafe hotunan waya da kansa da zarar mutum ya shigo gida. Yanzu tana kan kabad a rufe, tana aiki dare da rana. Idan tana jan wat 15, a wata wajen kilowat-awa 11 take ci. Babbar kwamfutar tebur tana iya cin ninki huɗu na hakan, shi ya sa na fi son ta cinya. Ga kuma batirinta da ke riƙe ta idan aka ɗauke wuta.

Abokaina 'yan boko suna yi mini dariya. Suna cewa, "Malam, ga Google ya ba ka gigabait 15 kyauta, me ya kai ka wahala?" Ni ma ina amfani da shi, ban ce a daina ba. Sai dai ɗakin aro ne, kuma mai ɗakin ya faɗi sharaɗinsa a fili: tun daga Disamba 2023 yana iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa ba. Ka tuna da iyayenmu da suka rasu, wa ke shiga asusunsu? Mu 'yan Zongo bai kamata a koya mana bambancin zaman aro da zaman mallaka ba. A 1977 aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome, aka kawo iyayenmu nan Agoè, wajen kilomita 15 arewa da gari. Har yau dattawa suna ba da labarin abin da suka iya ɗauka da abin da suka baro.

Sannan akwai batun hanya. A Satumbar 2017 an katse intanet na kwanaki a Togo, har kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yunin 2020 cewa an tauye haƙƙin mutane. Gaskiya ne an samu ci gaba, wayar ƙarƙashin teku ta Equiano ta sauka Lome a Maris 2022. Amma komai kaurin waya, ana iya rufe famfo. Fayil ɗin da ke kan kabad ɗina ba ya jiran intanet kafin in buɗe shi.

Yanzu bari in juyo kan 'yan uwana masu zumuɗin kwamfuta, waɗanda ke cewa har imel ma ka riƙa aikawa daga ɗakinka. Na gwada, kuma ba na ba kowa wannan shawarar. Adireshin intanet na gida yana sauyawa, wani lokaci ma ku da yawa ne kuke raba guda. Manyan kamfanonin imel ba su yarda da saƙon da ya fito daga irin wannan adireshi, ko ka daidaita su SPF da DKIM yadda ya kamata. Ɗan kasuwar da saƙonsa ya faɗa kwandon shara a Guangzhou ya yi asarar da ta fi kuɗin kwamfutar. Abin da nake yi shi ne in bar kamfani ya kai saƙo ya kawo, ita kuma tsohuwar tana sauke kwafin kowane saƙo duk dare, Dovecot ya tsara su yadda za a karanta a gida.

Hujja mafi ƙarfi da aka taɓa kawo mini ita ce ta ƙanwata: "Yaya, in faifan ya mutu fa? In ɓarawo ya shigo, ko ruwa ya ci gida?" Ta yi gaskiya, ga ƙurar hunturu, ga laimar damina, kuma unguwarmu ta san ambaliya. Faifan da ya shekara 10 yana juyawa zai iya tsayawa gobe. Saboda haka na sayi faifan waje guda biyu. Ɗaya yana maƙale da kwamfutar, ɗayan yana gidanta, duk Juma'a bayan masallaci muna musanya.

Wani zai ce wannan aikin Turawa ne. A nan Lome, a WoeLab, Afate Gnikou ya haɗa na'urar buga abubuwa ta 3D da tarkacen tsofaffin kwamfutoci tun 2013. Abin da nake kira a yi bai kai rabin wannan wuya ba, yini guda ne da ɗan haƙuri.

Kawu ya sake ɗaukar hoton takardar filin, wannan karon suna wuri uku. Lambar sirrin kuma da hannunsa ya rubuta ta da ajami, ya ninke takardar ya saka cikin gafakarsa. Jerin masu bashin ne dai ba mu samu ba, har yanzu yana tuno su ɗaya bayan ɗaya.