Kuɗin riɗi ba duka na kashewa ba ne

Idan kaka ta yi a Gadarif, kasuwa ta cika da riɗi da dawa, aljihu ya yi nauyi, nan ne ake tafka kuskure. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 fam ɗin Sudan faɗuwa yake ta yi, kuɗin ƙarƙashin katifa narkewa suke.

Shawararmu ita ce, kafin a taɓa ciniki a fitar da zakka, ushirin noman damina, a ware harajin shago, a adana rasit. Kada a haɗa cefane da jari. A bar buhunan dawa na gida. Wanda ya cinye kaka, wallahi da damina zai koma hannun mai bashi, ya sayar da riɗinsa da araha tun bai nuna ba.