Mun Tura Su Jami'a Ido Rufe

Kowace shekara idan sunayen waɗanda suka sami gurbi a jami'a suka fito, mukan cika majami'a da godiya. Zumuntar Mata su yi waƙa, iyaye su kawo baiko, dattawa su ɗora wa yaro hannu. Sai a haɗa masa guzuri: garin rogo, ƙuli-ƙuli, yaji, man gyaɗa da Littafi Mai Tsarki. Nasiharmu kuwa ɗaya ce tun zamanin kakanninmu: ka yi haƙuri, ban da abokan banza. Amma a cikinmu wa ya taɓa zaunar da yaron ya tambaye shi ko ya karanta littafin dokokin ɗalibai na makarantar da zai shiga? Wa ya taɓa gaya masa abin da zai yi ranar da aka kira shi gaban kwamitin ladabtarwa?

Ranar da waya ta buga cewa an dakatar da shi, ko an kore shi, ko yana hannun 'yan sanda, mun san abin da muke yi. Mukan bazama neman wanda ya san wani. A haɗa dattawa biyu da Fasto, a hau mota, a je a durƙusa a ofis ana roƙo. A ce mana mu dawo mako mai zuwa, mu dawo, a sake cewa mu dawo. Wata uku su wuce, ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Daga nan sai mu koma gida muna cewa don mu ne aka yi mana haka. Ba mu musun cewa akwai wuraren da ake nuna wa 'ya'yanmu bambanci, mun gani da idonmu. Amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu: sau da yawa yaron ya sa hannu ne a takardar da bai karanta ba, ko ya ƙi zuwa gaban kwamiti saboda tsoro, ko lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce muna can muna roƙo. Wannan laifinmu ne, mu iyaye da dattawa.

Bari mu fara da dokokin makaranta. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai, yaro yana sa hannu cewa zai bi dokokin jami'a, kuma daga ranar “ban sani ba” ta daina zama hujja. A jami'o'i da yawa, shiga ɗakin jarrabawa da waya laifi ne ko da a kashe take. Wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na darussa ba ana iya hana shi rubuta jarrabawa. Wanda bai yi rajistar darasi cikin wa'adi ba, ko ya rubuta jarrabawar ba za a lissafa masa ba. Ajiye aboki a ɗakin kwana ba da izini ba, ko sayar da gado, yana jawo hukunci, ko da tausayi ne ya sa aka yi. Takardar sakamako ta jabu kuwa tana iya korar mutum a shekararsa ta ƙarshe. Satar amsa ma ta wuce maganar makaranta kawai, domin dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3. Yaron da ya rubuta wa abokinsa jarrabawa don zumunci, kurkuku yake wasa da ita.

Sai kuma haƙƙi, wanda shi ne muka fi jahilta. A watan Fabrairu na 1983 aka yi tarzomar ɗalibai a Jami'ar Maiduguri, aka lalata dukiya. Jami'ar ta kafa kwamitin bincike, mataimakin shugaban jami'ar ya jagorance shi, alhali yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Aka kori ɗalibai. Wasunsu suka tafi kotu, maganar ta kai har Kotun Ƙoli. A 1986, a shari'ar da lauyoyi suka sani da sunan Garba da Jami'ar Maiduguri, kotun ta soke korar. Dalilinta shi ne ba a saurari ɗaliban yadda ya kamata ba, kuma mutum ba ya zama alƙali a maganar da ta shafe shi. Ta kuma ce babban laifi irin ƙone-ƙone aikin kotu ne ta yanke hukunci a kansa. Shekara kusan 40 ke nan, amma har yau da yawa cikinmu ba su taɓa jin labarin ba.

Wannan haƙƙi yana nan a sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999. Ma'anarsa ga ɗalibi ita ce a gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi lokacin shiri, a bar shi ya faɗi nasa, ya ji abin da shaidu suka ce a kansa. Saboda haka mu koya musu: idan aka kira ka, ka je. Ka nemi tuhumar a rubuce. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba, ko abin da ba kai ka faɗa ba. Duk takardar da ka miƙa, ka yi fotokwafi, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka kwafin.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa kotu maganin komai ce. Kotuna ba su cika shiga maganar maki da ba da digiri ba, suna ɗaukar wannan aikin majalisar malamai ta jami'a ne, kuma sukan so a fara bin matakan cikin gida. Dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya da yawa sun ba ɗalibin da aka kora damar ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwa, cikin wa'adi. Wasu ƙararraki a kan hukumomin gwamnati kuma wa'adinsu wata 3 ne kacal. Kun ga ke nan watannin da muke ɓatawa a zirga-zirgar roƙo su ne watannin da doka ta ba mu.

Idan maganar ta kai ga 'yan sanda, sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Idan akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya, ban da laifuffuka masu hukuncin kisa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wani, wato ba a kama ɗalibi don abokin ɗakinsa ya gudu. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a.

'Ya'yanmu mata fa? Nawa ne suka dawo gida da karyayyar zuciya domin wani malami ya ce sai sun ba da kansu kafin su ci darasinsa, mu kuma muka ce su rufa asiri? A 2018 kotun tarayya ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2 a kan irin wannan, bayan hukumar ICPC ta gurfanar da shi. Muryarsa da aka naɗa a waya ce ta tona shi. Mu gaya wa 'yan matanmu su ajiye saƙonni, su rubuta rana da wuri, su faɗa wa wani babba tun da wuri. Uwar da ta ce wa 'yarta ta yi shiru ta taimaki mai laifi, ko ba ta yi nufi ba.

Game da sujada, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi halartar ibadar da ba ta addininsa ba. Sashe na 42 ya hana hukuma nuna bambanci saboda addini, ƙabila ko asali. Amma zumuntar ɗalibai da ba ta yi rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai ba, ba ta kuma nemi wurin taro a rubuce ba, da me za ta kafa hujja ranar da aka hana ta? Mu kuma tuna musu cewa sashen da ya kāre su shi ne ya kāre maƙwabcinsu Musulmi, kuma bai ba kowa izinin zagi ba, a baki ko a WhatsApp. Sashen ya fito fili cewa bai kāre ƙungiyar asiri ba.

Mun san wasu dattawa za su ce wannan koyarwa za ta sa yara taurin kai, mai bi kuma haƙuri aka san shi da shi. Su buɗe Ayyukan Manzanni sura 22. Da aka ɗaure Manzo Bulus za a yi masa bulala, ya tambayi jarumin ko doka ta yarda a bugi ɗan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba, nan take aka janye. A sura 25 ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Wa a cikinmu ya fi Bulus haƙuri? Yaron da ya san doka shi ne ma ya fi natsuwa, domin ya san akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ba sai ya ɗauki dutse ya bi masu zanga-zanga ba.

To, ga roƙonmu ga majalisun dattawa. Kafin kowane zangon karatu, a keɓe Asabar ɗaya a tara ɗalibai da iyayensu. Muna da lauyoyi, malaman jami'a da tsofaffin 'yan sanda a kan kujerunmu kowace Lahadi, a sa su su yi bayani da Hausa. Kowane ɗalibi ya kawo kwafin littafin dokokin makarantarsa a ajiye wurin sakataren ikkilisiya. Kowace gunduma ta sami lambar lauya ɗaya da yaro zai iya kira ko da tsakar dare. A haɗa hannu da FCS da NIFES, domin su suke tare da yaran a can. Idan muna iya tara kuɗin rufin kwano da kayan kiɗa, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwauruwar da ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin rajista ba za ta gane dalilinmu ba idan ɗanta ya dawo da takardar kora a kan abin da bayanin awa biyu zai hana. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.