Wat 5,000 a Jikin Kwali: Ƙarya Ce, Mu Daina Saye

Duk kamfanin da ya rubuta wat 5,000 a jikin kwalin sifikar da yaro ɗan firamare zai iya ɗauka da hannu ɗaya, ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi. Ka shiga layin masu kayan wuta a Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas ka ga abin takaici: kwalaye jere har rufi, wannan ya ce 3,000, na kusa da shi ya ce 8,000, fitilu ja da shuɗi sai walƙiya suke. Mai shago ya murɗa maka ƙara har ƙirjinka ya girgiza, ya ce, "Alhaji, ka ji duka?" Na ji duka, malam. Waƙar fa, tana ina?

Ba sai ka yi karatun injiniya ba kafin ka kama su. Juya akwatin ka duba 'yar takardar da ke manne kusa da inda wayar wuta ta fito. A nan ake rubuta wutar da na'urar ke ci, kuma sau da yawa ba ta wuce wat 40 ko 60 ba. Abin da ya ci 60 ta ina zai amayo 5,000? Dutsen guga na lantarki yana cin wajen wat 1,000, ƙaramin janaretan da ake kunnawa a ƙofar shago ma bai kai hakan ba, amma ga shi yana ɗaukar wannan "dodo" tare da fanka da talabijin ko gezau. Dabarar tana cikin haruffa huɗu da ake maƙalawa bayan lambar, PMPO, ma'aunin da ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Lambar da za ka nema ita ce mai RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa ba yankewa. Tun 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta wajabta wa masu sayar da amfilifaya bayyana irin wannan ƙarfin. Mu kuwa har yau kallon kitse muke yi wa rogo, hukumomin da aka ɗora wa kula da ingancin kaya kuma sun bar kwalayen suna shigowa.

Abin haushin ma, ba ka bukatar dubunnan. Sifikar gida ta ƙwarai, da wat ɗaya tak, tana ba da sautin da ya kai desibel 85 zuwa 90 a nisan mita guda, kuma wannan ya isa ya hana mutum biyu jin juna a falo. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wutar kusan sau goma. Ɗakin sha biyu sha biyu, wat 20 ko 30 na gaskiya a kowane ɓangare sun yi masa yawa ma.

Ni ba asarar kuɗin ce ta fi ƙona mini rai ba, abin da waɗannan akwatuna ke yi wa waƙarmu ne. An gina su ne a kan wufa guda mai gidim-gidim da wasu 'yan sifiku biyar masu tsi-tsi, tsakiyar kuwa fayau. Alhali a tsakiyar nan muryar ɗan Adam take zaune. Waƙar Hausa magana ce kafin komai: habaici, zambo, kirari, amshi. Kalangun da ke bayan Mamman Shata magana yake yi, yana hawa yana sauka yadda harshen ke yi, makaɗi na matse tsarkiya yana saki. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce tal, duk daɗinsa yana cikin ɗan kaifin nan nata. Ƙwaryar Barmani Choge tana da amon da ya bambanta da na ganga. Ka sa su a hom tiyatar zamani, sai wufa ta haɗiye komai, ka ji kamar ana daka a maƙwabta. Daga nan yaro ya ce waƙar da ba ta da daɗi. Ina ya taɓa jin ta?

Alhali kayan sauraro na gaske abu uku ne kacal: sifika biyu, amfilifaya, da abin da zai ba su waƙa, ko da wayarka ce. Mafi yawan kuɗin ka zuba shi a sifiku, domin su ne bakin da ke magana. Je wurin 'yan gwanjo ka nemi tsofaffin sifikun katako masu nauyi, tagwaye iri ɗaya. Cire ragar gaban ka duba zoben da ya kewaye takardar bakin sifikar. In na soso ne ya fara marmashewa, ka rage kuɗi, mai gyaran rediyo zai iya sake shi. Danna takardar a hankali da yatsu: in ka ji tana gurza wani abu a ciki, ajiye ta ka yi gaba. Kara kunnenka a ƙaramar sifikar da ke sama ka tabbatar ba ta mutu ba, domin ita aka fi ƙonawa.

Amfilifaya kuwa, tsohuwar Sony ko Pioneer ko Technics tana nan da ranta, amma don Allah ka karanta bayanta kafin ka cusa a soket. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma hayaƙi ɗaya ya isa ya raba ka da ita. In ba ka son wannan caca, akwai ƙananan amfilifayoyi sababbi masu guntun TPA3116 na Texas Instruments, girmansu bai wuce tafin hannu ba, suna aiki da bolt 12 zuwa 24, ba sa zafi sosai, wasu har da Bluetooth. Ma'ana batirin solarka zai riƙe su ranar da aka ɗauke wuta. Ka dai duba om ɗin sifikunka, 4 ko 6 ko 8, ya dace da abin da amfilifayar ta yarda da shi. Waya kuma ta tagulla ta wayarin ɗin gida ta wadatar, ja a ja, baƙi a baƙi. Duk wanda ya ce sai ka sayi mai bakin zinare, aljihunka yake so.

Sai abin da ba a kashe ko kwabo a kai, amma shi muka fi lalatawa: wurin ajiyewa. Injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi rajistar fasahar sitiriyo tun 1931 domin kunne biyu su ji inda kowane sauti ya fito. Mu kuma sai mu ɗora sifikun biyu kan juna a cikin shokes, bayan tangaran, mu yafa musu leshi. Raba su kamar taku biyu ko uku, ka ɗaga su daidai kunnenka in kana zaune, ka janye su kaɗan daga bango, kujerarka ta yi nisa da kowace kamar yadda suka yi nisa da juna. Ka kuma daina ɗora wa kaya laifin waƙar da aka matse, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ta koɗe.

Mu ma masu sayen muna da namu kason. A jeren amarya ba a tambayar yadda kaya ke sauti, tsawonsu ake aunawa da na 'yar gidan wane. Matashi ya samu kuɗi, burinsa layin gaba ɗaya ya san ya saya, mara lafiya da jariri da mai sallar dare su yi ta kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na fuskantar haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙara fiye da kima, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Ranar da za ka je saye, tafi da waƙar da ka haddace a wayarka. Ka ce wa mai shago ya rage bes, ya kashe fitilun, ya sauke ƙara daidai hira. In ka ji kowace kalma ta mawaƙi da ta 'yan amshi rangaɗau, yi ciniki. In ya ƙi ragewa, mayar da kuɗinka aljihu ka fita.