Saran kububuwa: abin da manomi ya sani da abin da likita bai faɗa masa ba

Kububuwa ƙaramar macijiya ce mai launin ƙasa, tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya ba, amma babu macijin da ya kai ta kisa a arewacin Najeriya. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya wuni yana hira, daga baya jini ya fara fita daga dasashinsa, ko daga wani tsohon miki, ko ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa. Jihar Gombe ta san ta sosai, domin a Kaltungo, kan hanyar Gombe zuwa Yola, akwai asibiti na musamman na masu saran maciji, inda ake kawo marasa lafiya daga Billiri da Balanga da Shongom, har da Adamawa da Taraba da Bauchi.

Manomi da makiyayi suna da ilimin wannan dabba tun kafin a gina asibitin. Sun san tana yawaita da faɗuwar damina da lokacin girbi, tana kwanciya ƙarƙashin tarin kara da dammunan dawa da tsakanin duwatsu, sun kuma san ƙarar da take yi idan ta goga jikinta tana gargaɗi. Wannan sani ne na lura, an tara shi shekara da shekaru, kuma littafin kimiyya bai ƙaryata shi ba.

Wajen magani ne hanya ta rabu. Ɗaure ƙafa da igiya tamau, da tsaga wurin da reza, da tsotse dafi, da ɗora baƙin dutse, duk ba sa fitar da dafin da ya riga ya shiga jini. Ɗaurin ma yakan ruɓar da ƙafa, tsagar kuwa ƙofa ce ga jinin da ba zai tsaya ba. To me ya sa mai maganin gargajiya yake da shaidu masu rantsuwa da shi? Amsar tana cikin lissafi. Likitoci sun kiyasta cewa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na waɗanda kububuwa ta sara ne ke mutuwa in ba a yi musu allurar kashe dafi ba, kuma wani saran ma babu dafi a cikinsa, wani macijin kuwa ba mai dafi ba ne. Ke nan mafi yawa za su tashi ko da ruwan randa aka ba su. Wanda ya warke shi ke yawo yana ba da labari. Wannan bayani ne da ba a cika jin sa a rediyo ba, alhali ya fi "ku daina zuwa wurin boka" shiga kunne, don bai mai da mai sauraro wawa ba.

Akwai kuma gwajin da kowa zai gane da idonsa. A shekarun 1970, David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka bayyana shi: a zuba jinin majiyyaci a busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20. In bai daskare ba, dafi yana aiki. Allurar kashe dafi ta EchiTAb da ake amfani da ita a Kaltungo, da dafin macizan Najeriya aka haɗa ta, ana sarrafa ta a Birtaniya da Kosta Rika daga jinin tumaki da dawakai. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-macensa da rabi kafin 2030.

Aikin isar da wannan bayani ga manoma yana kan birnin Gombe, inda ma'aikatar lafiya da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Jami'ar Jihar Gombe da gidajen rediyo suke. Hausa kaɗai ba za ta wadatar ba; ana bukatar Fulfulde da Tangale da Waja, kuma a yi shirin wayar da kai kafin girbi. Mai maganin gargajiya shi ake fara kira a ƙauye, don haka ya fi amfani a koya masa ya kwantar da majiyyaci, ya hana shi tafiya da ƙafa, ya cire masa zobe da munduwa, ya nemi abin hawa zuwa Kaltungo. Sharaɗin dai shi ne a tarar da allura a can, domin an sha samun ƙarancinta, kuma iyalin da suka sayar da akuya suka je suka dawo hannu rabbana ba su da dalilin komawa.