Ba Albashi Ne Ke Rufe Kantunan Magani A Amurka Ba

Duk ranar da aka garƙame wani kantin magani a Amurka, bakin masu sharhin kasuwa ɗaya ne: wai kuɗin ma'aikata ya yi yawa. Sai su tuna maka cewa manyan kamfanonin kantunan magani, CVS da Walgreens, sun ɗaga mafi ƙarancin ladan awa zuwa dala 15 a 2022, su biyo da lissafin rassan da aka rufe, 900 na CVS, da 1,200 da Walgreens ta sanar a Oktoban 2024 cewa za ta rufe. Shi ke nan, an yanke hukunci. Ni kuwa na ce an bar jaki ana dukan taiki.

Albashi ya tashi bayan korona, babu mai musu. Amma mai karɓar dala 15, in ya yi awa 40 a mako, dala 600 ce tasa kafin a cire haraji. Wannan ne zai durƙusar da kamfani mai rassa dubbai?

A duba inda kuɗin ke zurarewa. A Amurka ba mai kanti ne ke yanka abin da zai samu a kan maganin da likita ya rubuta ba. Akwai dillalai tsakaninsa da kamfanonin inshorar lafiya, su ke faɗin nawa za a biya shi. Uku daga cikinsu, Caremark da Express Scripts da Optum Rx, su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na wannan ciniki, kamar yadda hukumar kasuwanci ta FTC ta bayyana a 2024. Sukan matse farashi har mai kanti ya ba da wani maganin a kan faɗuwa. Abin da ya fi ci mini rai, Caremark mallakar CVS ce. Gida ɗaya ke yanka farashi, shi ke sayarwa, sannan a ce yaron da ke tsaye a kanta ne ya cinye riba.

Ga kuma ɓarnar manya. A 2024 Walgreens ta rubuta asarar dala biliyan 5.8 a kan jarin da ta zuba a asibitocin VillageMD. Ita da CVS kowacce ta amince ta biya wajen dala biliyan 5 don sasanta ƙararrakin ƙwayoyin kashe zafi masu sa jaraba. Irin waɗannan ƙararraki da tarin bashi ne suka kai takwararsu Rite Aid gaban kotun fatara a 2023, ta sake komawa a 2025. Wane ƙaramin ma'aikaci ne ya sa hannu a waɗannan shawarwari?

Illar wannan gurguwar fahimta ita ce maganin da take haifarwa: a rage hannu, a rage awoyi. Sai ka ga mai haɗa magani shi kaɗai yana ƙirga ƙwaya, yana amsa waya, yana yin allurar rigakafi, ga layi har ƙofa. Kuskure a nan rai yake ci. Da ma'aikatan CVS a Kansas City suka ajiye aiki a Satumban 2023, na Walgreens suka bi sahu a Oktoba, babban kukansu ƙarancin abokan aiki ne. A farkon 2024 kuma sai da CVS ta amince ta biya hukumar kula da kantunan magani ta jihar Ohio dala miliyan 1.5, bayan masu bincike sun tarar da rassan da aiki ya fi ƙarfin mutanen da aka bari a cikinsu.